Ba Gidan Kallo Ne Ya Kore Mu Daga Fili Ba

Akwai wani dattijo a majalisarmu, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ba a hirar ƙwallo a gabansa a tashi bai kawo zancen Raccah Rovers ba. Da idonsa ya ga shekarar da ta ɗauki kofin lig na ƙasa, 1978, kuma har yau in zai ba da labarin sai ya gyara zama ya ture hula baya. Wata Lahadi da yamma muna zaune, sai ihu ya ɓarke daga gidan kallon da ke bayan layinmu, irin ihun da ke sa kaji watsewa. Wani yaro ya fito a guje ba takalmi yana shelar Madrid ta ci. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Kun gani ko? Waɗannan gidajen kallon su suka kashe mana ƙwallo. A zamaninmu, war haka duk muna fili."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ni fa ina da ja a kan wannan magana." Ya ce in kawo. Ban yi nisa ba aka kira magariba, majalisa ta watse. Ragowar maganar ce nake so in ƙarasa a nan, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Za ka ji shi a bakin tsofaffin 'yan wasa, a shirye-shiryen wasanni na rediyo, har a bakin shugabannin ƙungiyoyi duk sa'ad da aka tambaye su dalilin da ya sa kujeru suke wayam kuma ba mai sayen tikiti. Amsar a shirye take: ƙwallon Turai ta ɗauke hankalin mutane.

Ba zan ce maganar ba ta da tushe ba. Yaron da ya iya jero 'yan wasan Barcelona har da na benci, amma bai san mai tsaron ragar ƙungiyar jiharsu ba, kowa ya san irinsa, wataƙila ma yana gidanka. Lahadi da ƙarfe huɗu, lokacin da aka saba take wasannin lig ɗinmu, shi ne kuma lokacin da manyan wasannin Ingila ke gudana ko suke dab da farawa. Ga caca ta shigo ta ƙara ɗaure matasa da wasannin waje. Duk wannan na yarda. Inda muka rabu da Baba shi ne wajen sanin wanne ne ciwon, wanne ne kumburin da ya biyo baya.

Mu fara da lissafin shekaru. Gasar Firimiyar Ingila an kafa ta a 1992. DStv ta fara aiki a 1995, kuma an ɗauki shekaru kafin kwanonta ya sauko daga rufin masu hali zuwa rumfar kwano mai benci a lungu. Amma ƙwallon cikin gida ta fara tangaɗi tun kafin nan. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, kamfanoni da attajiran da ke riƙe da ƙungiyoyi suka fara sakin hannu. Leventis United, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1985, an rushe ta kafin shekarun 1980 su ƙare. Haka Abiola Babes. Stephen Keshi ya bar gida ya tafi Abijan, daga can ya wuce Beljiyam a 1986, ya buɗe wata hanya da 'yan wasa suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta Kano Pillars an kafa ta a 1990 ne ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da ta Bank of the North, kuma a lokacin Raccah ɗin Baba ta riga ta zama labari. Wane gidan kallo ne ya rushe Raccah? Babu shi a lokacin. Gidan kallo ya zo ya tarar da bango a tsage, ya sami wurin shiga.

Sai kuma abin da ya faru a ƙasar masu ƙwallon da ake zargi. A kakar 1948 zuwa 1949, jimillar mutanen da suka shiga filaye kallon wasannin lig a Ingila ta haura miliyan 41. Daga nan aka yi ta raguwa har kakar 1985 zuwa 1986, inda ta sauko kusan miliyan 16 da rabi, mafi ƙanƙanta tun bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne, a rabin farko na wannan kaka ba a nuna wasan lig ko ɗaya a talabijin ba, saboda an sami saɓani tsakanin ƙungiyoyin da gidajen talabijin kan kuɗi. Talabijin a kashe, filaye kuma a bushe. Me ya kori mutane? Tsoro. A watan Mayun 1985 gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford. A watan ne dai mutum 39 suka mutu a filin Heysel da ke Beljiyam, a wasan Liverpool da Juventus. 'Yan dabar ƙwallo sun mayar da ranar wasa ranar rufe shago, filayen kuma tsofaffi ne, masu warin fitsari da shingen ƙarfe kamar garke. Magidanci ya daina zuwa, balle ya ɗauki ɗansa. Sai da aka yi turmutsutsun Hillsborough a 1989 kafin hukuma ta tilasta gyara: kujera ga kowa a manyan filaye, cire shingaye, kyamarori, hana fitinannu shiga da sunansu da hotonsu. Daga 1992 kamfanin Sky ya cika talabijin da ƙwallo fiye da kowane lokaci a baya, kuma a daidai wannan zamanin ne filayen suka sake cika, har ta kai a wasu ƙungiyoyi mutum kan yi shekaru a layi yana jiran tikitin shekara. In da akwatin talabijin ne ke kwashe 'yan kallo, da Ingila ce za ta fara zama kufai.

Wani zai ce ai Turai daban, can ƙwallon tasu ce. To, mu dawo Afirka. Mutanen Tanzaniya suna kallon Arsenal da Manchester United kamar yadda muke kalla, suna da rumfunan kallo kamar namu. Amma ranar da Simba za ta haɗu da Yanga, filin Benjamin Mkapa mai cin mutum dubu 60 ba ya isa, kuma ana nuna wasan kai tsaye a Azam TV. Son Arsenal bai hana ɗan Darussalam sayen rigar Yanga ba. Zuciyar mai son ƙwallo tana da faɗi, tana ɗaukar ƙungiya biyu ba tare da kishi ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ban san garin da ya fi Kano yawan gidajen kallo a Arewa ba, kuma ban san ƙungiyar da ta fi Pillars cika fili ba. A 2009, lokacin da kowane lungu ya riga ya mallaki allo da alli da ake rubuta wasannin ranar, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, daga gasar zakarun Afirka bayan canjaras 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Ta ɗauki lig a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A waɗannan shekaru in ba ka isa Ƙofar Mata da wuri ba, sai dai ka ji sakamako a rediyo. Waɗanda ke ihun "Sai Masu Gida" a filin Sani Abacha mai cin mutum dubu 16, su ne dai za ka gani da daddare a kan benci suna musu a kan Messi da Ronaldo. Mutum ɗaya ne, riga ce kawai ya sauya.

To, yaushe ne filin ke zama wayam? Lokacin da aka rufe shi. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. A Afrilun 2022 ta dawo gida, a wasa da Katsina United rikici ya tashi, aka farfasa motar baƙi, aka tashi wasan bai ƙare ba. Hukumar lig ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta zabtare mata maki uku, ta tura ta Abuja. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyar ta faɗi zuwa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A Oktoban 2025 aka maimaita: Shooting Stars ta farke ƙwallo dab da tashi, wasu suka afka cikin fili, aka sake zabtare maki uku, aka mayar da wasannin gida Katsina. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mai gidan kallo ne ya jawo shi ba. Shi yana can yana fama da janareto da kuɗin mai.

A nan ne zancen tikitin shekara ke shigowa, wato tikitin da mutum ke saya sau ɗaya tun kafin a fara kaka, ya shiga duk wasannin gida da shi, kujerarsa kuma tasa ce. Na sha jin ana cewa mutanenmu ba su da al'adar sayensa, wai ba su waye ba. Ban yarda ba. Mutumin da ke zubin adashe duk mako, ya biya kuɗin hayar shago na shekara tun kafin ya ga ciniki, ya biya kuɗin kallon DStv na wata tun kafin a buga wasa, ya san ma'anar biya kafin gani. Tikitin shekara bashi ne da mai goyon baya ke ba ƙungiya, ita kuma ta yi masa alkawarin wasa goma sha tara, a fili kaza, ranaku kaza. Wa zai ba da bashi ga wanda bai san inda zai kwana gobe ba? A 2018 an tsayar da lig bayan wasa 24 saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon ƙasa, ba a ƙarasa ba. A 2019 gajeriyar kaka aka yi, aka raba ƙungiyoyi gida biyu, aka ƙare da wasannin ƙungiyoyi shida a Legas. Ta 2020 annobar korona ta katse ta, wannan kam ba laifin kowa ba ne. A 2023 aka sake yin gajeriya. Ɗan Fagge da ya biya kuɗin wasa goma sha tara ya wayi gari an mayar da rabinsu Katsina, wa zai biya masa kuɗin mota? A gefe guda, ranakun wasannin Ingila na kaka gaba ɗaya ana fitar da su tun watan Yuni. Mai gidan kallo ya san abin da zai rubuta a allonsa wata biyu masu zuwa. Abin da ya fi mu da shi ke nan, cika alkawari, kuma wannan ba sai da tauraron ɗan'adam ake yin sa ba.

Na taɓa ɗaukar ɗana, yana da shekara tara, muka je kallon wasa a wani gari da ba zan kama sunansa ba. Na sayi tikiti biyu ta wata 'yar taga, takarda mai laushi kamar ta ƙosai. A bakin ƙofa mai karɓa bai yaga ba, ya cusa a aljihu, na san kuma za ta sake komawa taga. Gefe guda wasu samari masu jajayen idanu suna shigar da mutane ta wata kafa a rabin kuɗi. Muka sami wuri a kan siminti mai zafi. Yaron ya ce zai yi fitsari, na zagaya da shi ban ga inda mutum mai mutunci zai tsuguna ba. La'asar ta yi, muka yi alwala da ruwan leda muka yi salla a bayan wata mota. Wasan kansa ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba, akwai wani ɗan lamba bakwai da har yau yaron ke tunawa da shi. Saura minti kaɗan a tashi alƙali ya hana wani fenariti, duwatsu suka fara sauka, sai barkonon tsohuwa. Na saɓa yaron a kafaɗa na bi ta inda jama'a suka bi, takalminsa ɗaya ya tsaya a can. Da muka isa gida uwarsa ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, daga yau in ƙwallo ce, ga ta nan a bayan layi." Ba ni da bakin musu. A bayan layi kuɗin shiga bai kai na kwanon shinkafa ba, akwai fanka, kuma mafi munin abin da zai same shi shi ne a ɗauke wuta ana dab da bugun kusurwa.

Ka ga an rasa 'yan kallo biyu a rana ɗaya, ɗaya daga cikinsu na shekara hamsin masu zuwa. Kuma babu wanda ya lura, domin babu mai ƙirgawa. Wannan ne ainihin ciwon a ganina. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne: Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Niger Tornadoes, Plateau United, Nasarawa United. Albashin 'yan wasa da kuɗin tafiya daga baitulmali suke fitowa, in sun fito. Shugaban ƙungiya gwamna ne ya naɗa shi, gwamna ne zai sauke shi. Idan filin ya cika ko ya bushe, kujerarsa ba ta motsi. Abin da zai motsa ta shi ne a ci shi a gida, shi ya sa duk ƙarfin ke tafiya wajen tabbatar da maki uku ta kowace hanya, alƙali kuma ya shiga fili yana duban ƙofar fita. Idan babban wasa ya zo sai a ce mai girma gwamna ya buɗe ƙofa kyauta, a tafa. Alheri ne, ba na musu, amma yana koya wa mutane cewa wanda ya sayi tikiti shi ne wawa.

Ita ma amana ta ji jiki. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, a rana ɗaya. An hukunta su, amma labarin ya zagaya duniya. Ƙananan ƙungiyoyi ne, sai dai tabon ya shafi kowa. Mutum na iya jure ƙungiyarsa ta sha kashi shekara da shekaru. Abin da ba ya jurewa shi ne ya zauna minti casa'in yana zargin an gama wasan tun a otal.

Kuma shan kashi ba ya korar masoya kamar yadda ake zato. Sunderland ta faɗo har rukuni na uku a Ingila, amma a wasanta da Bradford washegarin Kirsimetin 2018 mutum dubu 46 suka shiga. Hamburg ta faɗi a 2018, ta yi shekara bakwai a rukuni na biyu a Jamus, filinta mai cin dubu 57 bai daina cika ba. Blackpool kuwa, magoya bayanta sun yi kusan shekara huɗu suna ƙaurace wa fili, sun ƙi sabunta tikitin shekara, ba don komai ba sai don sun gaji da iyalan da suka mallaki ƙungiyar. Kotu ta karɓe ta daga hannunsu a Fabrairun 2019, 'yan makonni bayan haka mutum sama da dubu 15 suka dawo kallon wasan gida. Talabijin ɗin da ke gidajensu ranar Juma'a shi ne dai ranar Asabar.

Saura zancen taurari, kuma a nan Baba na da rabin gaskiya. A zamaninsa ɗan wasa kan yi shekara goma a ƙungiya ɗaya, ka san gidansu, ka san mai yi masa aski. Yanzu da ya yi fice sai jirgi. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010, shekarar ba ta ƙare ba yana VVV-Venlo a Holan. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018, sai ga shi a Esperance ta Tunisiya. Ba wanda zai zarge su, albashin da ake bin bashi ba ya riƙe kowa. Amma dubi abin da ya faru da Musa ya dawo Pillars a 2024: duk garin da ta je, mutane na fitowa don su gan shi. Rabi'u Ali, wanda ya zauna ya tsufa a cikin rigar, har yau yara na kiran sunansa a titi. Ashe mutanen suna nan. Haka suke biyan kuɗi su cika filin dambe alhali kokawar Amurka na cikin wayoyinsu.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan raddi shi ne, zargin gidan kallo zargi ne mai daɗi. Ba ya neman kowa ya gyara famfo, ko ya yaga tikiti, ko ya miƙa ɗan daban da kowa ya san sunansa ga 'yan sanda. Laifin na wasu Turawa ne da ke nesa da wasu yara marasa kishi, shi ke nan an wanke hannu. Ba mu da ikon hana Ingila buga ƙwallo, amma ban ga abin da zai hana a matsar da wasanninmu daga bakin nasu ba, a sa fitilu masu aiki a buga bayan isha'i lokacin zafi, a keɓe ɓangaren iyali mai banɗaki da wurin salla, a hukunta mai jifa shi kaɗai da sunansa maimakon a rufe fili a kan mutum dubu goma sha shida.

Roƙona ga masu riƙe da ƙungiyoyinmu ƙarami ne, ba ya cin ko kwabo. Bayan kowane wasan gida, ku faɗa mana mutum nawa suka shiga, tikiti nawa aka sayar, nawa aka samu. Ku yi haka kaka ɗaya cur, sannan mu zauna mu duba ko ranar da Madrid ke wasa ce aka fi raguwa, ko kuwa makon da ya biyo bayan barkonon tsohuwa. Baba, na san za a karanta maka wannan a majalisa. In lissafin ya nuna kai ne da gaskiya, shayin wata guda a wuyana.